Tahmisi: Gini A Kan Tushen Wani

A ƙasashen Turawa akwai wani kiɗan rawa na na'ura da ake kira hawus, wanda ya tsiro a birnin Shikago na Amurka wajen farkon shekarun 1980. Masu shirya shi suna da aiki iri biyu: wanda suka ƙaga da kansu, da wanda suka ɗauko na wani suka sake masa tufa, watau rimis. Alal misali, waƙar Missing ta fito a 1994 ba ta yi wani tasiri ba, sai da Todd Terry ya sake mata kiɗa, sannan ta game duniya a 1995. Har gobe ana gardama, shin wanne ne ainihin gwanintar mutum, nasa ko gyaran na wani? Mu a ƙasar Hausa mun daɗe da wannan sana'a, sunanta tahmisi.

Yadda ake yinsa shi ne, mawaƙi ya sami waƙar wani mai ƙwar biyu, sai ya ɗora ɗango uku a gaban kowane baiti, ya zama ƙwar biyar. Tilas ya bi karin mai waƙa, tilas amsa-amon ɗangogin nan uku ya dace da ɗangon farko na asali, kuma ba shi da ikon taɓa ko harafi guda na mai ita. Duk wanda ya taɓa zama wurin karatun Ishiriniya a watan Maulidi, a Birnin Gwari ko Zariya ko Kano, ya ji tahmisi ko da bai sani ba. Waƙar ta Alfazazi ce, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, amma da tahmisin Ibnu Muhibu ake rera ta, har ma almajiri da yawa ba su rarrabe inda wannan ya tsaya da inda wancan ya kama.

In muna son mu auna aikin mutum guda ta fuska biyu, sai mu dubi Malam Abdullahi na Gwandu. A littafinsa Tazyinul Waraƙati na 1813 akwai waƙoƙinsa na kansa, kamar wadda ya yi kan yaƙin Tabkin Kwatto na 1804. A nan shi ya zaɓi kari, shi ya zaɓi amsa-amo, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Amma a tahmisin da ya yi wa waƙar begen Annabi ta wansa Shehu Usmanu, ɗaure yake. Aikinsa shi ne ya share wa kowane baiti hanya, yadda in an iso ga maganar Shehu za ta faɗo daram kamar dama can wurinta ke nan. Na farko yana nuna zuciyar mawaƙi, na biyu yana nuna kunnensa da ladabinsa. Haka kuma Tabban Haƙiƙa ta ratsa hannu uku: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahmisi, kuma ba a ɓatar da sunan kowa ba.

Wannan kiyaye suna shi ne abin lura. Saboda shi ne waƙoƙin wa'azin Malam Muhammadu na Birnin Gwari suka isa Ingila, Robinson ya buga su a 1896, da sunan mai su da na garinsa. To, ina muka kwana a yau? Masu bandiri na Kano sun ɗora bege a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, daga baya masu fim ɗin Hausa suka bi sawu tun ƙarshen shekarun 1990. Fasahar ba ta da laifi, aro ba sata ba ne. Amma wa ya taɓa jin an ambaci wanda ya ƙagi karin? Hatta Bature mai rimis yana rubuta suna biyu a jikin faifai.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubuta waƙa, in za ku yi gini a kan tushen wani, ku yi. Sai dai ku bar tubalinsa yadda ya aza, ku kuma faɗi sunansa, kamar yadda magabata suka yi.