Kuturta da Aikin Fiɗa: Daga Amanawa zuwa Ƙasar Zuru

Tarihin yaƙi da kuturta a ƙasarmu hawa uku ne: killacewa, sannan magani, sannan fiɗa.

A 1937 hukumomin En'e suka danƙa wa mishan ɗin SIM unguwannin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. A ƙasar Zuru kuwa, mishan ɗin UMS ne ya zauna tun shekarun 1920, daga baya ya gina asibiti a Tungan Magajiya. A wancan zamani abin da ake da shi bai wuce allurar wani mai da ake kawowa daga Indiya ba, mai zafi, mai ƙarancin amfani.

Wajen 1950 Dokta John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli cewa ƙwayar dapsone ta haɗiya tana kashe cutar. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa ta da wasu magunguna, har Nijeriya ta kai matsayin ƙasa da majinyaci 1 cikin mutum 10,000 a 1998.

To, amma fa magani ba ya tayar da jijiyar da ta mutu. Kuturta ba ta cin yatsu kamar yadda ake zato; jijiya take lalatawa, sai hannu ya daina ji. Manomi ya riƙe fartanya har ta yi masa kanta bai sani ba, kantar ta zama gyambo, gyambon ya ci ƙashi. Dokta Paul Brand ne ya bayyana wannan a Indiya, ya kuma nuna yadda ake karkato tsoka mai lafiya ta maye gurbin shanyayya, don yatsun da suka ƙandare su miƙe. Wannan aikin ne likitocin sa-kai kan zo su yi na 'yan makonni.

Fiɗa tana mayar da motsi, amma ba ta mayar da ji. Likitan baƙo zai koma gida, ya bar majinyaci da bukatar motsa yatsu, da takalmi mai taushi, da duba ƙafa kullum. Saboda haka babban nauyin yana wuyan ma'aikacin lafiya na Dabai ko Ribah, wanda zai gane tabon da ba ya ji tun jijiya tana da rai.