Catalina, Mai Gadin Teku

In ana ba da tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen sama masu tsananin gudu aka fi ambata. To, amma akwai wani jirgi mai nawa da ake kira Catalina, wanda sojan ruwan Amurka suka dogara da shi ƙwarai. Kamfanin Consolidated ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1935, aka kuma yi fiye da guda 3,000. Cikinsa kamar na kwalekwale yake, don haka yakan sauka bisa ruwa.

Babban aikinsa sintiri ne. Yakan yi sa'a 12 ko fiye yana shawagi, yana farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Makamansa su ne bindigogi masu jigida, da bamabamai masu fashewa cikin ruwa.

Ranar 26 ga Mayu, 1941, Catalina ta sojan saman Ingila ta gano Bismarck, ƙaton jirgin yaƙin Jamus da ya ɓace wa masu binsa. Kashegari aka nutsar da shi. A watan Yuni, 1942, irin wannan jirgi ne ya hango rundunar Japan tana dosar tsibirin Midway.

Bayan yaƙi kuma har da ceto. Da aka nutsar da jirgin Indianapolis a 1945, matuƙi Adrian Marks ya sauka tsakiyar teku ya tsamo mutum 56, wasu ma a kan fikafikai aka ɗaure su.

Lalle, sannu ba ta hana zuwa.