Tauraruwa Mai Wutsiya a Samaniyar Makwar

Jama'a, mu Hausawan Jazira da gaɓar Bahrul Azraƙ mun saba lissafa tarihinmu da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Yau bari mu lissafa shi da tauraruwa mai wutsiya, baƙuwar da kan fito kafin kiran assalatu.

A watan Satumba na 1882, lokacin da Mahadi Muhammad Ahmad ya yi wa birnin Ubayyid ƙawanya, wata babbar tauraruwa mai wutsiya ta bayyana a gabas da asuba. Haskenta ya kai har ana ganin ta da rana tsaka. Mutanen Sudan suka kira ta tauraruwar Mahadi, kuma a Janairun 1883 Ubayyid ta miƙa wuya. Labari ya yi yamma har Adamawa, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadi. Tun daga nan zukatan mutanen ƙasar Hausa suka ƙara karkata gabas.

Bayan shekara 21 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Maiwurno a wajajen 1906. Garin bai wuce 'yan shekaru ba sai wata mai wutsiyar ta zo, wadda masana ke kira Halley. A Afrilu da Mayun 1910 tana fitowa gabas kafin alfijir, a daidai lokacin da kakanninmu ke tashi alwala. A lokacin Makwar ƙauye ne, domin madatsar ruwan Sinnar sai a 1925 aka gama ta.

Wannan ba ita ce ta zamanin Mahadi ba. Waccan sai bayan ɗaruruwan shekaru za ta komo, ita kuwa Halley kusan duk shekara 76 take zagayowa, kamar yadda Edmond Halley, mutumin Ingila, ya lissafa a 1705. Jikinta ƙanƙara ce da ƙura. In ta kusanci rana sai zafi ya tayar da tururi, hasken rana da iskarta su tura shi baya, shi ya sa wutsiyar kullum take juya wa rana baya.

Da ta dawo a 1986 ta zo a dushe. A watan Maris, wanda yake son ganin ta sosai sai ya fita bayan gari, nesa da fitilu, ya fuskanci kudu maso gabas da madubin hangen nesa kafin gari ya waye. Masu sha'awar taurari a duniya haka suka yi ta farautar ta.

Waɗanda suka ga wannan zuwan suna nan da ransu a Maiwurno da Sinnar da ƙauyukanmu. Mu je mu tambaye su abin da suka gani da abin da iyayensu suka faɗa musu game da ta 1910, mu rubuta da Hausa. Yaranmu da yawa sun san sunan taurari da Larabci, amma Gamzaki da Zara da Kaza da 'Ya'yanta sun fara ɓace musu. Halley za ta dawo a 2061. Allah ya sa jikokinmu su tarbe ta da sunan da kakanninsu suka kira ta.