Matsalar Gane Suna Tsakanin Kwamfutocin Kwaikwayo a Ƙaramin Netwok: Musabbabi da Hanyar Bin Diddigi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dalilan da ke hana kwamfutocin kwaikwayo da ke netwok ɗaya gane juna da suna. An dogara ne da takardun ƙa'idojin intanet na RFC, da kuma tsarin da VirtualBox da libvirt suke zuwa da shi tun daga tushe. Nazarin ya nuna cewa tushen matsalar shi ne rashin wanda aka ɗora wa alhakin riƙe sunayen, kuma maganinta yana ga bin matakan tambaya ɗaya bayan ɗaya.

1.0 Gabatarwa

A zamanin ARPANET, sunayen kwamfutoci duka suna cikin fayil ɗaya, HOSTS.TXT, wanda cibiyar SRI ta Amurka take kula da shi. Da kwamfutoci suka yi yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, aka kuma daidaita ƙa'idojinsa a RFC 1034 da 1035 a shekarar 1987. Sai dai sabon tsarin bai kori tsohon ba. Fayil ɗin hosts yana nan har yau, an kuma ƙara LLMNR a 2007 da mDNS, wanda RFC 6762 ya tabbatar a 2013. Saboda haka kwamfuta ɗaya tana da wurare da dama da za ta nemi suna, kuma ba lallai amsoshinsu su zo ɗaya ba.

2.0 Yadda ake neman suna

A Linux, layin hosts da ke cikin /etc/nsswitch.conf ne yake tsara wanda za a fara tambaya. Yawanci ana fara duba /etc/hosts, sannan mDNS idan an girka shi, daga nan DNS ta ƙofa ta 53. A Ubuntu kuwa, wanda ya buɗe /etc/resolv.conf zai tarar da 127.0.0.53. Wannan ba sabar gaske ba ce, ɗan aike ne na systemd-resolved. Sabar da ake tambaya sai a umarnin resolvectl status ake ganinta.

3.0 Inda gizo ke saƙar

3.1 Tsarin NAT. A VirtualBox, kowace baƙuwar kwamfuta, wato ta kwaikwayo, da ke kan NAT tana samun 10.0.2.15, domin kowace da nata keɓaɓɓen netwok. Duka suna shiga intanet, amma ba sa ganin juna. A nan babu gyaran suna da zai yi amfani sai an mayar da su kan netwok ɗaya, misali kan gada, ko kan netwok na mai masauki (kwamfutar gasken da ke ɗauke da su) kaɗai, mai farawa da 192.168.56.

3.2 Kwafi. Idan aka kwafi kwamfuta, sunanta da lambarta ta /etc/machine-id suna biyo ta. Daga wannan lamba systemd-networkd yake fitar da shaidar da yake miƙa wa DHCP, don haka sabar tana iya ba kwamfutoci biyu adireshi ɗaya. Alamarsa ita ce suna ya yi aiki yanzu, an jima ya ƙi. Maganinsa shi ne a share abin da ke cikin fayil ɗin kafin a yi kwafi, a kuma sauya suna.

3.3 Sunayen da ba su kai ga rajista ba. A libvirt, dnsmasq da ke 192.168.122.1 yana rubuta sunan baƙuwa ne a lokacin da ta karɓi adireshi ta DHCP. Wadda aka kafa wa adireshi da hannu ba ta shiga rajistar. Ita ma mai masauki ba ta tambayar wannan dnsmasq, shi ya sa ba ta san sunayen baƙinta ba sai an girka libnss-libvirt an ƙara shi a layin hosts.

3.4 Adireshin 127.0.1.1. Debian da Ubuntu suna ɗaura sunan kwamfuta a kan wannan adireshi a /etc/hosts. Shi kuma dnsmasq a al'adarsa yana karanta wannan fayil ya rarraba abin da ya gani. Baƙuwar da ta nemi mai masauki sai a ba ta 127.0.1.1, wanda a wurinta yake nufin ita kanta. An gano sunan, ping ma yana amsawa, amma da kanta take magana.

3.5 Ƙarshen suna na .local. An keɓe shi ne ga mDNS, mai aiki ta hanyar shela a 224.0.0.251, ƙofa ta 5353. Shelar ba ta tsallake NAT, kuma katangar tsaro tana iya tare ta. Wanda ya sa .local a DNS nasa ya haɗa tsari biyu faɗa. RFC 8375 na 2018 ya tanadi home.arpa don netwok na gida.

4.0 Tsarin bin diddigi

Mataki na farko shi ne a gwada isa ga ɗaya kwamfutar da lambar adireshi, tare da tuna cewa katangar Windows takan ƙi amsa ping. Idan ba a isa ba, matsalar ta hanya ce. Idan an isa, sai a yi getent hosts da sunan, domin shi ne yake bin layin nsswitch kamar yadda manhajoji suke bi. Bayan nan a tambayi sabar kai tsaye da dig. Bambancin amsoshin biyu shi ne manuni: dig da nslookup ba sa bin layin nsswitch. Idan dig ya gano sunan amma getent bai gano ba, laifin yana cikin baƙuwar. Idan duka sun kasa, sunan bai kai ga sabar ba. A ƙarshe a duba adireshin da aka samu, a tabbatar na kwamfutar da ake nema ne.

5.0 Kammalawa

Ga kwamfutoci ƙalilan masu tsayayyen adireshi, fayil ɗin hosts ya wadatar. Da zarar sun ƙaru, ko ana yawan yin kwafi, abin da ya dace shi ne saba ɗaya ta riƙe DHCP da DNS tare, ta yadda mai ba da adireshi shi ne mai rubuta suna. Ana ba masu kula da ɗakunan gwaji shawarar su tsayar da wannan tun kafin su kunna kwamfuta ta biyu.