Uwar da Aka Lulluɓe: Yadda Yara Suka Horar da Masu Hoto

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a birnin Paris. Da farko sai mutum ya yi mintuna a gaban kyamara ko ƙwaƙƙwaran motsi babu, kafin a rage lokacin zuwa ƙasa da minti guda cikin 'yan shekaru. Manya an samo musu dabara: wani ƙarfe mai tsayi da ake ajiyewa a bayansu ya tokare ƙeya, don kada kai ya karkata. Yaro ɗan shekara biyu kuwa ba ruwansa da ƙarfe. Ya ɗan juya, fuskarsa ta narke ta zama hazo, an yi asarar farantin ɗaukar hoton da kuɗin sinadarai. Tun daga wannan lokaci, abin da ya raba gwani da ɗan koyo a hoton iyali shi ne iya kwantar wa yaro da hankali, kuma duk ci gaban da na'ura ta samu bai canza wannan ba.

Babbar shaida ita ce tarin hotunan ƙarni na 19 daga Ingila da Amurka, waɗanda za ka ga jariri zaune a kan wani abu mai kama da kujera da aka rufe da labule ko darduma. In ka ƙura ido sai ka hango hannu ya leƙo, ko ƙafar siket a ƙasa. Uwar ce aka lulluɓe ta, tana riƙe da ɗanta ta bayan zane. Mai fasaha Linda Fregni Nagler ta tattara irin waɗannan hotuna sama da 1,000, ta fitar da su a littafi a 2013. Wasu masu sharhi na ganin wulaƙanci ne a mayar da uwa kujera, a shafe ta daga tarihin ɗanta. Ƙorafin yana da makama, amma bai ɗauki yanayin zamanin da muhimmanci ba. Mace-macen ƙananan yara sun yi yawa a lokacin, har akan ɗauki hoton gawar yaro don kada kamanninsa su ɓace. Iyaye na son hoton ɗansu shi kaɗai da za su aika wa dangi, kuma sau da yawa akan sa hoton a firam mai zagaye da ke ɓoye gefuna, ta yadda lulluɓin ba zai fito ba. Wani lokaci ma uba ne ko mai raino a ƙarƙashin zanen. Abin lura shi ne, mutanen da ke da ƙarfen tokare kai a shagonsu sun gwada sun gane cewa jikin uwa ya fi shi aiki.

Mai musu zai ce duk wannan wahala ta raunin kayan aiki ce, kuma kimiyya ta riga ta kawar da ita. Gaskiya ne cewa Frederick Scott Archer ya fito da jiƙaƙƙen farantin gilashi a 1851, wanda ya mayar da jira zuwa 'yan daƙiƙoƙi. Richard Maddox ya gabatar da busasshen faranti a 1871. George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a 1888, sannan Brownie a 1900 a kan dala ɗaya, wadda har yara aka yi wa tallarta. Sai dai saurin kyamara hazon fuska kawai ya magance. Bai hana yaro tsoron baƙo mai cusa kai cikin baƙin mayafi ba, bai kuma hana shi kuka ko kau da kai ba. Shi ya sa masu shago suka koma ga ɗan tsuntsun tagulla mai kuka da ake ɗagawa kusa da kyamara don yaro ya dubo. Kyamara mai sauri tana kama abin da ta tarar ne, in kuka ta tarar, kukan za ta adana tangaran.

A Bamako, mai ɗaukar hoto Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, da zane mai ado a matsayin bango, da kayan aro irin su rediyo da agogo da babur. An san shi da ɗaukar mutum sau ɗaya tak saboda tsadar fim. Wanda ke da dama ɗaya ba zai dogara ga sa'a ba. Dole aikin ya kammala kafin a danna, wato a tsara zama, a saba da juna, a jira. Cikin fitattun hotunansa akwai na wani ƙaton mutum cikin babbar riga, ya ɗora jariri a cinya yana murmushi. Dabarar shagunan Ingila ce dai, sai dai a nan ba a lulluɓe kowa ba, mai riƙon ya zama rabin kyawun hoton.

Yau wayar hannu na ɗaukar hotuna goma kafin ƙiftawar ido, amma ranar suna ko Sallah har yanzu ana jin tsawa: "Ku tsaya! Ku kalli nan!" Sakamakon kuwa jerin yara ne a sandare, ido cike da ƙwalla. Kamata ya yi mai hoton da aka gayyato gida ya bar ƙaramin a hannun wanda ya saba da shi, ya durƙusa daidai tsayin yaran, ya zo bayan sun ci sun yi barci sun tashi, kuma ya roƙi manya su daina tsawa.