Gwanjon Sherif a Amurka: Daga Ina Arahar Take Fitowa?

Jama'a, kwanakin nan bidiyoyi sun yi yawa a Facebook da TikTok na masu cewa wai a Amurka mutum zai iya mallakar gida sukutum da 'yan kuɗi kaɗan, in dai ya san hanyar gwanjon sherif. Gwanjon dai akwai shi, kuma wani lokaci ana dacewa da araha. Amma abin da nake so mu duba yau shi ne daga ina arahar take fitowa, domin kasuwar nan tana da dogon tarihi, kuma wanda ya san tarihin ba zai ɗaga hannu ya yi tayi da ka ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku daure ku biyo ni.

Da farko, wane ne sherif? Sarautar ta samo asali ne daga Ingila tun fiye da shekara dubu, inda yake wakilin sarki a lardi, mai tara haraji da zartar da hukunci. Turawan da suka ƙaura Amurka suka tafi da ita. A yau kusan kowace gunduma tana da sherif ɗinta, kuma galibi jama'a ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Cikin ayyukansa akwai zartar da umarnin kotu. Idan mutum ya ci bashin banki ya jinginar da gidansa ko gonarsa, ya kasa biya, banki zai kai ƙara. Alƙali ya yanke hukunci, a buga sanarwa a jarida na wasu makonni, sannan sherif ya sa kadarar a gwanjo a bainar jama'a. A jihohi irin su Ohayo, Pensilbeniya da New Jersey haka ake yi har gobe. Hikimar abin ita ce idan masu saye suka yi gasa, farashi zai tashi, banki ya karɓi haƙƙinsa, abin da ya yi saura kuma a miƙa wa mai gida. Ku riƙe wannan kalma, gasa, domin duk labarin da zan ba ku a kanta yake juyawa.

Rikici kan ƙwace gonaki ya girmi kundin tsarin mulkin Amurka ma. A 1786, manoman yammacin jihar Massachusetts, da yawansu tsofaffin sojojin yaƙin neman 'yanci, bashi da haraji suka yi musu katutu. Sai suka riƙa taruwa suna hana kotuna zama don kada a yanke hukuncin ƙwace musu dukiya. Shi ne boren da ake kira da sunan Daniel Shays, wanda aka murƙushe a farkon 1787. Abin ya tsorata masu kuɗi da 'yan siyasa. Da aka zauna a Filadelfiya a wannan shekarar aka rubuta kundin tsarin mulki, an sa wata magana da ta hana jihohi yin dokar da za ta taɓa yarjejeniyar da mutane suka ƙulla, har da ta bashi. Wannan magana za ta sake dawo mana nan gaba.

Yanzu mu tsallako ƙarni na 20. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turai na buƙatar abinci, farashin alkama da masara ya yi sama. Manoman tsakiyar Amurka suka ci bashi suka ƙara gonaki da injuna, a lokacin da ƙasa ke da tsada. Yaƙi na ƙarewa, farashi ya faɗo a 1920 zuwa 1921, bashi kuma yana nan daram. Haka suka yi ta lallaɓawa har tattalin arziki ya rushe a 1929. Zuwa 1932, a jihar Iowa masara ta yi arahar da wasu suka gwammace su ƙona ta a murhu su ji ɗumi, da su sayar su sayi gawayi. Manomi ya yi noma, rumbu ya cika, amma kuɗin amfanin ba zai biya kuɗin ruwa da haraji ba. Sai sherif.

A nan ne manoma suka ɓullo da dabarar da ake kira gwanjon kwabo. Ranar da za a yi gwanjon kayan wani, maƙwabta za su yi sammako su cika gonar, wani lokaci ɗaruruwa. Mai gwanjo ya fito da saniya ya ce a taya. Wani ya ce kwabo biyar. Sai tsit. Idan wani baƙo ya yi kuskuren buɗe baki zai ƙara, sai ya ji ƙarti sun matso sun sa shi tsakiya, wani ya dafa masa kafaɗa ya ce tayin nan bai yi yawa ba kuwa? A wasu wuraren har igiya mai zarge ake ratayewa a ƙofar rumbu, kowa ya gani ya fahimta. A haka za a sayar da doki, garma, kaji, komai, a kan kwabbai. Da an tashi, masu saye su mayar wa mai kaya abinsa. Wanda ya fi shahara shi ne na wata bazawara a jihar Nebraska a farkon shekarun 1930, inda duka kayan da aka sayar suka tashi a kan dala 5 da kwabo 35.

Amma fa dabarar ta fi aiki a kan dabbobi da kayan aiki. Idan ƙasa ce, mai bashi yana da wani makami: shi ma yana iya yin tayi, kuma ba sai ya fito da tsabar kuɗi ba, daga bashin da yake bi za a cire. Abin da ya fi ƙona wa manoma rai shi ne kamfani ya taya gonar ƙasa da bashin, ya karɓe ta, sannan ya koma kotu neman cikon. Ka rasa gona, kuma har yanzu ana bin ka. Shi ya sa a wasu gwanjon manoma suka juya dabarar, suka riƙa tilasta wa lauyan kamfani ya ɗaga tayinsa ya kai adadin bashin gaba ɗaya, don mai gona ya tashi ba a bin sa ko sisi.

Ƙungiyar da ta fi ɗaukar wannan gwagwarmaya ita ce wadda Milo Reno ya jagoranta daga Iowa a 1932, wadda ta kira manoma su daina kai amfani kasuwa har farashi ya gyaru. Abin ya kai maƙura ranar 27 ga Afrilu, 1933, a garin Le Mars. Wasu manoma suka kutsa kotu, suka fizgo alƙali Charles Bradley daga kujerarsa, suka fita da shi bayan gari, suka sa masa igiya a wuya, suna neman ya rantse ba zai ƙara sa hannu a takardar ƙwace gona ba. Ya ƙi rantsewa. Daga ƙarshe suka bar shi da ransa. Gwamna Clyde Herring ya turo sojoji ya kafa dokar soja a gundumar. Wannan kam ya wuce gona da iri, kuma ya jawo wa ƙungiyar baƙin jini. Sai dai ya nuna wa hukuma irin zafin da ke ƙasa.

A shekarun nan jihohi fiye da 20 suka yi dokokin sassauta ko jinkirta ƙwace kadara. Ta Minnesota, wadda aka yi a Afrilun 1933, ita ce ta je har Kotun Ƙoli. Wasu ma'aurata masu suna Blaisdell suna da gida a Minneapolis, suna zaune a wani sashe suna ba da hayar sauran ɗakunan. An yi gwanjonsa a watan Mayun 1932, kamfanin da ke bin su bashi ya saye a kan dala 3,700 da 'yan kai. Doka ta ba su shekara guda su fanshi gidan. Lokaci na gab da cika, sabuwar doka ta ba kotu damar ƙara musu wa'adi zuwa 1 ga Mayu, 1935, da sharaɗin su riƙa biyan dala 40 duk wata. Kamfanin ya ce ina, wannan ya saɓa wa waccan magana ta 1787. A Janairun 1934 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, cewa a halin gaggawa jiha na iya jinkirta ƙwace, muddin ba ta yafe bashin ba. Gwamnatin Roosevelt ma a 1933 ta kafa hukumomin da suka karɓi basussukan gonaki da na gidaje suka tsawaita lokacin biya. Ta gidaje kaɗai ta sabunta bashin gida kusan miliyan ɗaya.

To, ga inda abin ya fi ba ni mamaki. Bayan rushewar kasuwar gidaje a 2008, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, harabar kotuna ta sake cika da gwanjo. Kuma aka sake yin shiru a wurin tayi, sai dai wannan karon masu shirun daban ne. A arewacin Kalifoniya, inda wakilin mai bashi ne ke yin gwanjon a ƙofar kotu maimakon sherif, da kuma jihohin Jojiya da Alabama, an kama 'yan kasuwar gidaje suna haɗa baki. Za su yarda mutum ɗaya ne zai taya, saura su kame bakinsu. Gida ya faɗi da araha. Sai su koma gefe su yi nasu gwanjon na sirri a tsakaninsu, su raba bambancin kuɗin. Ma'aikatar Shari'a ta gurfanar da su ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890 mai hana haɗin baki a ciniki, kuma a arewacin Kalifoniya kaɗai mutum fiye da 50 suka amsa laifi. Dabara ɗaya ce da ta manoman 1930. Waɗancan sun yi shiru don maƙwabci ya tsira da saniyarsa, a gaban doka kuwa su ma ba su da gaskiya. Waɗannan sun yi shiru don su cinye rarar da ya kamata ta koma hannun wanda ya rasa gida.

Maganar rara ta sake kai Minnesota Kotun Ƙoli a 2023. Wata dattijuwa, Geraldine Tyler, mai shekara 94, harajin gidanta na kusan dala 2,300 ya hau da tara da ruwa har ya kai kusan dala 15,000. Gundumar Hennepin ta ƙwace gidan ta sayar a kan dala 40,000, ta riƙe kuɗin duka. Alƙalai tara suka haɗu a kan cewa hukuma ba ta da ikon cin abin da ya haura bashinta. Wannan bashin haraji ne, ba na banki ba, amma tambayar ɗaya ce: idan an sayar da gidan mutum dole, na wa ne abin da ya saura?

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, farashin gwanjon sherif yana nuna waɗanda suka zo wurin a ranar, da waɗanda suka yi shiru, da dalilin shirunsu. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan ka ga gida mai kyau kuma gogaggun 'yan kasuwa sun naɗe hannu, akwai abin da suka sani.

Don haka ɗan'uwana da ke can, ko wanda ke shirin tura wa wani kuɗi ya tsaya masa, ga abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka taya.

Na ɗaya, ana sayar da gidan ne yadda yake. Galibi ba za ka shiga ciki ka duba ba, kuma takardar da sherif zai ba ka ba ta zo da tabbacin cewa babu wani haƙƙi a kan gidan ba.

Na biyu, ba kowane bashi gwanjo ke shafewa ba. Idan mai bashi na biyu ne ya kai ƙara, bashin farko yana nan rataye a kan gidan, ya zama naka. Harajin gida da ba a biya ba shi ma yakan bi gidan. Sai an je ofishin rajistar filaye na gunduma an bi tarihin takardun, ko a biya lauya ya yi.

Na uku, damar fansa. A Michigan da Minnesota yawanci tsohon mai gida yana da wata shida ya biya ya karɓi abinsa. Hukumar haraji ta tarayya, idan tana da haƙƙi a kan gidan, tana da kwana 120 ta fanshe shi daga hannunka.

Na huɗu, kuɗi a hannu. A New Jersey galibi ana ajiye kashi 20 cikin 100 nan take. A Ohayo, a gwanjon farko ba a sallamawa ƙasa da kashi biyu bisa uku na ƙimar da aka yi wa gidan. Wurare da yawa yanzu sun mayar da gwanjon intanet, wato abokan gasarka sun haɗa da manyan kamfanoni masu lauyoyi.

Na biyar, kuma shi ne ya fi nauyi: sau da yawa akwai mutane a cikin gidan. Ko tsohon mai gida, ko ɗan haya da yake biyan kuɗinsa bai san hawa ba bai san sauka ba. Irin waɗannan 'yan haya ne suka sa a Oktoban 2008 sherif Tom Dart na gundumar Cook, inda Chicago take, ya dakatar da fitar da mutane na ɗan lokaci. Idan ka saya, kai ne za ka koma kotu neman a fitar da su.

Sayen kaya a gwanjo halas ne a dokar ƙasar, kuma mai tayi na gaskiya yana ma taimakon wanda aka ƙwace wa, domin duk dalar da ya ƙara tana rage masa bashi ko ta ƙara masa rara. Abin gudu shi ne wani ya ja ka gefe ya ce ka yi shiru a ba ka naka kason. Wannan laifi ne da ke kai mutum kurkuku, kuma kuɗin da za a ba ka daga aljihun wanda ya riga ya faɗi aka ciro shi.

Wanda ya taɓa halartar irin wannan gwanjo a jihar da yake zaune, ya faɗa mana yadda nasu tsarin yake, domin kowace jiha da dokarta. Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya rufa mana asiri.