Ɗan Ƙasa Biyu da Haƙƙin Kasuwanci: Tarihin 'Yan Zango a Gana

Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa suke bin hanyar Gwanja. Suna kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su sayo goro. A wancan zamani babu mai tambayar baƙo takarda. Abin da yake bukata shi ne mai masauki da yardar sarkin gari. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, unguwannin zango suka haɓaka. Wannan takarda za ta duba yadda zama ɗan ƙasa ya koma sharaɗin neman abinci ga jikokin waɗannan fatake.

Dokar 1969

Da Gana ta sami mulkin kai a 1957, sai aka fara rarrabe ɗan ƙasa da baƙo a shari'ance. Mutanen zango da dama ba su damu da neman takarda ba, domin a nan aka haife su, a nan kuma aka binne iyayensu. A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama wa'adin mako biyu, ko ya samo izini ko ya bar ƙasar. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, cikinsu har da Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa. Da yawa sun sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, wasu kuma sun koma garuruwan da ba su taɓa gani ba sai dai a labarin kakanni. A 1970 aka ƙara da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan Gana.

Abin da ya tsananta lamarin shi ne ba a yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Ke nan dole ɗan zango ya zaɓa tsakanin asalinsa da kasuwarsa. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ita ma ta kori baƙi marasa takarda daga Nijeriya, 'yan Gana kimanin miliyan 1 suka koma gida.

Sauyin doka

Mataki na farko ya zo daga ƙungiyar ECOWAS wadda aka kafa a Legas a 1975. Yarjejeniyarta ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba har kwana 90, ta kuma yi alkawarin haƙƙin zama da na kafa sana'a. Mataki na biyu ya zo a 1996, sa'ad da Gana ta gyara tsarin mulkinta na 1992 ta halatta riƙe ƙasa biyu, sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta fayyace hanyar. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya bar haifaffen ɗan ƙasa ya karɓi wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba.

Amfanin wannan ya fito fili a kasuwa. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta hana baƙo talla da kasa kaya a rumfar kasuwa da buɗe shagon aski, ta kuma shar'anta masa jarin dala miliyan 1 da ɗaukar ma'aikata 'yan Gana 20 kafin ya shiga cinikin kaya. Da wannan doka aka kafa hujja wajen rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020, su kuwa suna cewa yarjejeniyar ECOWAS ta kare su. Mai ƙasa biyu bai shiga wannan rigima ba, domin a idon doka ɗan Gana ne kamar kowa.

Sai dai haƙƙin yana da iyaka. Tsarin mulki ya hana mai ƙasa biyu zama jakada ko shugaban rundunar soja ko sufeto janar na 'yan sanda. A 2012 aka ɗaure ɗan majalisa mai wakiltar Bawku ta Tsakiya, Adamu Dramani Sakande, bayan kotu ta same shi da laifin ɓoye cewa yana riƙe da wata ƙasa lokacin da ya tsaya takara.

Kammalawa

Haihuwa a ƙasar Gana kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya ce sai ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya kasance ɗan Gana. Saboda haka ɗan zangon da kakanninsa ba su bar takarda ba yakan sha tambayoyi wajen neman fasfo ko katin shaida. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sake tayar da batun ga 'yan kasuwar da suka fito daga can. Amanar da a da mai masauki yake ɗauka wa baƙonsa, yau takarda ce take ɗaukar ta.